Fom Ɗinka Ya Nuna 500? Karanta Log Tukuna

Saura kwana huɗu in kare furojek ɗina, fom ɗin rajistar manoma da na yi wa garinmu Fakku a ƙaramar hukumar Kebbe, abin ya watse. A laftof yana aiki lafiya lau. Da na ɗora shi a saba na danna maɓallin aikawa, sai ga “500 Internal Server Error”. Kwana biyu na yi ina canje-canje a makance, data tana ƙonewa.

’Yan uwa, 500 ba ta faɗin abin da ya lalace. Ma’anarta kawai bayanan sun isa saba, amma shirin da zai karɓe su ya faɗi. Dalilin yana rubuce a fayil ɗin error log. A XAMPP yana cikin foldar apache\logs, a cPanel kuma duba sashen Errors ko fayil ɗin error_log kusa da shirinka. Layukan ƙarshe za su ba ka sunan fayil da lambar layi.

Nawa laifin harafi ɗaya ne. Na rubuta require 'config.php', alhali sunan fayil ɗin Config.php. Windows ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, amma Linux, wadda yawancin saba ke amfani da ita, tana bambantawa.

Ga wasu da ke yawan kama mu:

1. mysql_connect: an cire shi tun PHP 7 a 2015. Idan tsohon XAMPP ka kwafa a filashin wani, zai yi aiki a wurinka, ya mutu a saba. Koma mysqli ko PDO.
2. Rumbun bayanai: a XAMPP sunan shiga root ne ba kalmar sirri. A saba dole ka sa waɗanda ka ƙirƙira can.
3. Fayil ɗin .htaccess: umarni ɗaya da saba ba ta gane ba ya isa. Sauya masa suna ka sake gwadawa.
4. Izini: fayil 644, folda 755. Wasu saba suna ƙin 777.

In ba ka ga log ba, kunna display_errors na ɗan lokaci, ka kashe da zarar ka gama, don kada kowa ya ga cikin shirinka. Gyara abu ɗaya, gwada, sannan na gaba. Kuma don Allah ka ɗora a saba tun saura mako biyu, ba daren difens ba.