Na'urar Ɗumama Abinci a Gidan da Ake Tuƙa Tuwo

Yau kicin za mu leƙa, daga Nguru zuwa Gashua, domin wani ɗan akwati mai murfin gilashi ya fara bayyana a kayan wasu amare. Maikurowef ke nan, na'urar ɗumama abinci.

Asalinta daga Amurka ne. A shekarar 1945 wani injiniya mai suna Percy Spencer yana aikin na'urar rada a kamfanin Raytheon, sai ya tarar alewar da ke aljihunsa ta narke. Daga nan aka ƙirƙiro na'urar. Wadda aka fara sayarwa a 1947 ta haura kilo 300, tsayinta ya kai na mutum. Sai a 1967 aka samu ƙarama da ta karɓu a gidaje. Ba ta da harshen wuta, ba ta da garwashi. Wasu igiyoyin lantarki ne da ido ba ya gani suke girgiza ruwan da ke cikin abinci, girgizar ta haifar da zafi. Shi ya sa take saurin ɗumama miya, amma ba za ta gasa miki kifi ya yi ja ba, ƙanzo kuwa kada ma ki sa rai.

A Amurka mutum kan sayo dafaffen abinci a daskare, ya ɗumama, ya ci shi kaɗai. A Japan mai shago ne zai ɗumama maka shinkafarka kafin ka fita. Mutanen Ingila suna da ita, amma ruwan shayi sai a butar lantarki. Da yawansu na ganin tafasa shi a maikurowef aibu ne. Duk ƙasashen nan sun dogara da abu biyu: firji, da wutar da ba ta ɗaukewa.

To mu fa? Uwargida a Gashua tukunyar gida guda take ɗorawa, har da rabon maƙwabta da almajiri. Tuwon shinkafa ko na gero sai an yi talge, an sa muciya an tuƙa da ƙarfin damtse. Burabusko sai an turara. Kifin da masunta ke kamowa a dausayin Haɗeja da Nguru, hayaƙi ne ke adana shi ya zama banda, kuka da kuɓewa kuma rana ce ke busar da su. Iyayenmu sun tsara girkinsu ne yadda ba ya jiran firji. Abincin maigida yana cikin kula har ya dawo daga kasuwa, tuwon da ya kwana kuma da safe ya zama ɗumame. A nan ne kawai na'urar take da gurbi a girkinmu, gurbin ɗumame.

Sai maganar wuta. Yawancin na'urorin nan suna jan wat 1,000 ko fiye, ƙaramin janareton gida ba ya ɗauka, ƙaramar sola ma haka. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gashua, ko ma'aikaciyar jinya da ta dawo daga aikin dare, za su ji daɗinta ranar da aka kawo wuta. Ran da babu, ta zama ado.

Abin da ya fi damuna shi ne hayaƙin itacen girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙar ta. Ga mu a bakin hamada, kowane ɗaurin itace bishiya ce ta ragu. Don haka, Alhaji, idan kuɗin kayan kicin ɗin 'yarka ba zai kai duka ba, fara saya mata tukunyar gas ko murhu mai tsimin gawayi. Maikurowef ta jira.

Ke kuma da kike da ita, kada ki sa kwanon silba, samira ko cokali a ciki, ƙarfe tartsatsi yake yi. Ƙwai da ɓawonsa fashewa yake. Ki guji leda da robar da ba a yi ta don zafi ba, tangaran ko gilashi ya fi. Zafinta ba ya ratsa ko'ina daidai, saboda haka ki tsaya ki juya abincin, ki mayar, har sai tsakiyarsa ta yi tururi. Madarar jariri kuwa, ki ɗumama ta a cikin ruwan zafi, ki ɗiga a bayan hannunki kafin ki ba shi.