Fuzi: Saiwar da Wuta ke Horarwa

A yankin Jiangyou na lardin Sichuan, kudu maso yammacin ƙasar Sin, manoma na shuka wani tsiro mai shuɗin fure wanda masana ke kira Aconitum carmichaelii. Uwar saiwarsa ana ce mata chuanwu, 'ya'yan da ke fitowa a gefenta kuma fuzi. Yau kusan shekara 1,800 ke nan da likita Zhang Zhongjing ya sanya fuzi cikin haɗe-haɗensa, kuma har gobe masu maganin gargajiyar Sin na ba da shi don sanyin jiki da ciwon gaɓoɓi.

Sai dai ɗanyensa ajali ne. A cikinsa akwai dafin akonitin, wanda miligiram 2 kacal kan iya kashe ƙato. Jijiyoyi da tsokar zuciya suna da wasu ƙananan ƙofofi da sinadarin sodiyam ke bi, su buɗe su rufe cikin ƙiftawar ido. Dafin sai ya tokare su a buɗe. Kafin awa biyu leɓe da harshe sun sage, yatsu su biyo baya, sai amai da gumi, sannan zuciya ta rikice tana kakkarwa maimakon bugawa. Ba shi da makari. Iyakar ƙoƙarin likitoci su tallafi zuciya har jiki ya fitar da shi.

To, ta yaya ake shan irin wannan a kwana lafiya? Wuta ce sirrin. Ana jiƙa saiwar, a turara ko a tafasa ta na tsawon awanni, zafi ya farfasa dafin ya rage masa kaifi ƙwarai. Masu sarrafawa na dā kan ɗora ɗan yanki a harshe: in ya sage sosai, da sauran dahuwa. Gwaji ne na masu ƙarfin hali.

Ɓarnar takan zo ne daga gaggawa, ko zarce ƙima, ko jiƙa ɗanyar saiwar cikin barasa, wadda ke tatso dafin ba tare da ta karya shi ba. A watan Mayun 2018, a wajen wani bikin zagayowar ranar haihuwa a Chongqing, mutum 15 suka sha irin wannan jiƙo na gida. Biyar ba su tashi ba. Shekara guda kafin nan, a San Faransisko ta Amurka, wata mata ta rasu bayan ta sha shayin ganyayyaki da ta saya a unguwar Sinawa. Da aka auna ragowar shayin, akonitin aka samu.