Sunan yau a kan gwagwarmayar jiya

Ana yawan sanya mujallar Arcadie, wadda André Baudry ya kafa a Paris a 1954 domin maza masu son maza, cikin «tarihin LGBT». A ganinmu wannan suna ya makara, kuma yana ɓoye wata gardama. Haruffan nan huɗu ba su bazu ba sai wajen 1990, alhali Arcadie ta rufe tun 1982. Baudry da gangan ya riƙe kalmar «homophile», wadda ƙarshenta ke nufin ƙauna a Girkanci, don a bar ambaton jima'i. Matasan ƙungiyar FHAR kuwa, a 1971, tsoro suka gani cikin wannan kunya, suka yi watsi da kalmar.