Yadda Baƙuwar Tsutsa Ke Korar 'Yar Gida a Dazukan Fayin

Yau za mu leƙa dazukan fayin, doguwar bishiyar nan mai ganye kamar allura da ake ganin irinta a Jos. A cikin katakonta ake gasa tsakanin tsutsotsi biyu 'yan dangi ɗaya, waɗanda masana ke kira nematod, kowacce tsawonta kusan milimita ɗaya ne. 'Yar gida, Bursaphelenchus mucronatus, ta daɗe a dazukan Asiya da Turai tana cin funfunar da ke tsiro a bishiyar da ta mutu ko take gab da mutuwa, kuma da wuya ta kashe lafiyayya. Baƙuwar, Bursaphelenchus xylophilus, daga Arewacin Amurka ta fito, inda bishiyoyin can suka saba da ita. An fara lura da ɓarnarta a Nagasaki ta Japan a 1905, amma sai a 1971 masu bincike Kiyohara da Tokushige suka tabbatar ita ce mai laifin. A 1979 kaɗai Japan ta yi asarar katako kusan kubik mita miliyan 2.4. Daga nan baƙuwar ta ɓulla a Nanjing ta Sin a 1982, Busan ta Koriya ta Kudu a 1988, sannan Setubal ta Fotugal a 1999.

Binciken da aka yi a Sin ya nuna cewa inda baƙuwar ta daɗe, 'yar gida takan yi ƙaranci. Mene ne sirrin? Ana yawan cewa saurin haihuwa ne, kuma da gaskiya a ciki, domin a zafin digiri 25 kwana huɗu zuwa biyar sun ishe ta daga ƙwai zuwa balaga. Amma a ganina babban makaminta shi ne kisa. Duka biyun ba sa iya ƙaura da kansu, sai sun shiga hanyoyin numfashin wani ƙwaro mai dogayen ƙahoni, Monochamus, ya ɗauke su. Shi kuwa ƙwaron nan ba ya saka ƙwai sai a bishiyar da ta raunana ko ta mutu. To, 'yar gida jira take har fari ko guguwa ko tsufa su samar mata da gawa. Baƙuwar ba ta jira. Idan ƙwaro ya gwaguyi ɓawon ɗanyen reshe, sai ta shige ta raunin, ta bi hanyoyin ƙaro, ta hana ruwa hawa, cikin 'yan makonni ganye ya yi ja. Ƙwaro ya zo ya yi ƙwai a gawar da ta riga ta cika da zuriyar baƙuwar, 'ya'yansa su tashi baɗi ɗauke da dubbanta. Kowace bishiya da ta kashe ƙarin abin hawa ce gare ta. Wani abin mamaki ma, jinsunan biyu sukan yi barbara da juna, kuma irin wannan gamayya ba ta cika ba da zuriya mai ɗorewa ba, don haka wadda ta fi ƙaranci ita ta fi yin asara.

Wani zai ce ai yanayi ne ya raba su, ba gasa ba, tunda cutar da baƙuwar ke jawowa ba ta yin ƙarfi sai inda matsakaicin zafin bazara ya haura digiri 20, kuma har yanzu 'yar gida na nan a wurare masu sanyi. Wannan hujja ce mai nauyi, sai dai ta bayyana iyakar da baƙuwar ke tsayawa ne kawai. Ba ta bayyana dalilin raguwar 'yar gida a dazukan da take zaune lafiya kafin zuwan baƙuwa ba, alhali zafin wurin bai hana ta rayuwa a da ba. Kuma in har sanyi ne kaɗai garkuwarta, ɗumamar duniya tana rage wannan garkuwa.

Wani kuma zai ce, tunda akwai mai wuri, me ya sa ba za a bar ta ta tare hanya ba? Ƙasashen da muka lissafa ɗazu suna cikin yankin da 'yar gida ke zaune tun asali, kuma hakan bai hana komai ba. Shi ya sa hukumomi suka mai da hankali ga katako, domin ƙwaro ba ya ƙetare teku da fukafukinsa, a akwatunan kaya da gungume ake yi masa rakiya. Ƙa'idar duniya mai suna ISPM 15, da aka amince da ita a 2002, ta tanadi a gasa katakon ɗaure kaya har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, ko a yi masa hayaƙin magani, a buga masa hatimi kafin ya hau jirgi.