Kwali da Faifai: Kasuwar Fina-finan Hausa a Zangon Kumasi

Wanda ya fito daga Kejetia ya bi ta Alabar ya nufi Asawase da Aboabo, kunnensa ne zai fara sanar da shi cewa ya shigo Zango. Harshen Twi da ya cika tsakiyar gari sai ya riƙa ja da baya, Hausa ta karɓi hanya. Ga masu goro da huhunansu, ga masu shadda da darduma da carbi, ga mai kilishi, ga mai koko da ƙosai tana zuba wa 'yan makaranta. A tsakanin waɗannan ne ake samun mai fim: ƙaramin shago na katako ko na kwantena, talabijin tana fuskantar titi, lasifika tana tashi da waƙar Kano, yara sun yi cirko-cirko suna kallo kyauta. A jikin bango kuwa fuskokin Ali Nuhu da Adam A. Zango da marigayi Ibro ne, rana ta ɗan cinye launinsu.

Wannan kasuwa ba ta da ƙofa ɗaya ko layi ɗaya kamar 'yan kaset na Ƙofar Wambai a Kano. A warwatse take, shago nan, tebur can, wani a bakin tasha, wani kusa da masallaci. Amma tushenta ya girme wa fim nesa ba kusa ba. Fataken Gwanja sun daɗe suna zuwa neman goro a ƙasar Asante. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da kama Kumasi da Turawan Ingila suka yi a 1896, baƙi daga arewa suka yi ta sauka a garin har Zango ya kafu. A yau cikinsa akwai Hausawa da Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Fulani da Kotokoli da Wangarawa da Yarbawa, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa su a ciniki da makwabtaka. Shi ya sa mai sayen fim ɗin Hausa a nan ba lallai ne Bahaushe ba. Akwai matan da kakanninsu ba su taɓa taka Kano ba, amma a fim suka ga yadda ake kamu da buɗar kai, a fim suka ɗauki ɗaurin ɗankwali, a fim 'ya'yansu suka ji Hausar da ta bambanta da ta unguwarsu.

Kayan shagon hawa-hawa ne, kowane hawa da zamaninsa. Can ƙasa, in tsohon shago ne, za a tarar da ragowar kaset na bidiyo, na zamanin da fim ɗin Turmin Danya ya buɗe hanya a 1990, har zuwa Ki Yarda Da Ni da Sangaya da Wasila da Mujadala. Sama da su faifan VCD ne, fim ɗaya a faifai biyu, na ɗaya da na biyu. Sai DVD mai fim ɗaya, sannan wanda aka fi sani da goma-a-ɗaya, inda ake cusa fina-finai rututu a faifai guda har hoton ya dusashe. Gefe guda fina-finan Kumawood ne na 'yan gari, su Agya Koo da Lil Win, domin ɗan Zango yana jin Twi kamar yadda yake jin Hausa. Ga fina-finan Indiya fassarar Algaita. Ga wa'azi da tafsiri da karatun Alƙur'ani, waɗanda kasuwarsu ke tashi da azumi, kafin fim ya karɓe ta ranar Sallah.

Cinikin kuwa irin na gida ne. Mace ta tsaya ta ce, "Malam, akwai ci gaban na jiya?" Ya ce, "Hajiya, yana hanya, amma ga sabon shigowa." Ta juya kwalin ta ce, "Orijina ne ko kofi?" Ya ce, "Gangariya ne, a gwada miki." Sai a saka a na'ura, a ɗan tura gaba a ga ko yana sarƙewa. Ta taya, ya ce albarka, ta ƙara, ya sallama. Wannan tambaya ta orijina ko kofi ita ce zuciyar kasuwar, kuma ba za a gane nauyinta ba sai an koma inda kayan ke fitowa.

A Kano, zamanin kaset, furodusa ba ya sayar da fim kai tsaye. Yana kai wa diloli na Bata da Ƙofar Wambai uwar kaset, su kwafa da na'urorinsu, shi kuma ya buga kwali ya sayar musu. Adadin kwalin da aka saya shi ne ribarsa. Ke nan haƙƙin mai fim a jikin takarda yake: kaset cikin kwalin kamfani halas ne, kaset tsirara ko cikin kwalin jabu sata ce. Su waɗannan diloli kuwa sun koyi sana'ar ne tun suna kwafar fina-finan Indiya da na Amurka, kamar yadda masanin nan Brian Larkin ya bayyana a littafinsa na 2008 a kan Kano. Hanyar da ta kai fim ɗin Hausa ko'ina a Afirka ta Yamma, tun asali hanyar kwafi ce. Da faifai ya maye gurbin kaset sai abin ya ƙara sauƙi, domin ingancin kaset yana raguwa duk lokacin da aka kwafa, faifai kuwa yana haifar ɗan'uwansa cikin 'yan mintuna da kwamfuta ɗaya.

To a ɗora nisa a kan wannan. A wancan zamani, faifan da ya bar Kano sai ya gangara Legas, ya ratsa Kwatano da Lome, ya tsallaka iyakar Aflao zuwa Accra, sannan Kumasi. Ko kuma ya biyo ta arewa, ta Nijar da Burkina Faso, ya sauko ta Tamale. Galibi a jakar fatake yake zuwa, tare da shadda da turare, a hannun wanda ya kai goro ya juyo. Ɗan kasuwa ba zai ɗauko ɗari ba alhali bai san ko fim ɗin zai karɓu ba. Yana ɗauko kaɗan, in unguwa ta so shi, ragowar a nan za a haife su. Kafin orijina na biyu ya iso, kowane gida ya riga ya kalla.

Hukumomi da kamfanoni ba su naɗe hannu ba. A Najeriya, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta kafu a 2001, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa kuma ta ƙaddamar da shirinta na yaƙi da satar fasaha mai suna STRAP a 2005. A Ghana, tun farkon shekarun 1990 aka fara liƙa tambarin gwamnati a jikin kaset na waƙa domin a bambanta halas da jabu, sannan dokar haƙƙin mallaka ta 2005, wato doka mai lamba 690, ta tanadi alamar tsaro a kan faifan sauti da na hoto. Kamfanonin fim ma suka yi nasu dabarun: tambari mai ƙyalli a kwali, sunan kamfani a kusurwar hoto daga farko har ƙarshe, rubutun gargaɗi mai ratsa allo, jarumi ya fito kafin fim yana roƙo da Allah da Annabi kada a kwafa, da kuma sakin fim a garuruwa da dama rana ɗaya. Ko manyan kamfanonin Amurka sun gwada kulle DVD da makullin sirri da raba duniya shiyya-shiyya, amma a 1999 aka fasa makullin, har wani matashi ɗan Norway ya gurfana a kotu kan haka, na'urorin Sin masu araha kuma suka zo suna karanta faifan kowace shiyya.

A nan ne ya kamata a saurari wasu mutane da ba a cika tambayar ra'ayinsu ba, wato masu tara faifai. Kowace unguwa a Zango tana da su: tela da ya cika kabad, direba da ke da akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, Hajiya da ta jera nata a bayan kwalla da tangaran. Ba kallo kawai suke yi su yar ba, ajiya suke yi. Suna jera kayansu kamfani-kamfani, na Sarauniya daban, na FKD daban, na Iyan-Tama daban. Mai tara faifai yana duba kaya kamar yadda dillalin goro ke buɗe huhu: kaurin kwali, kaifin hoton da ke kai, ko an buga sunan fim a jikin faifan ko da alƙalami aka rubuta, ko bayansa azurfa ne irin na masana'anta ko shuɗi-shuɗi irin na kwamfutar ɗaki. Sun san araha ba ta ado, domin kofi ne ke fara sarƙewa bayan damina ɗaya ko biyu.

Abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne, yawancin matakan hana sata a kansu suke sauka, su da suka biya. Ɓarawo bai damu da tambarin da ya rufe kusurwar hoto ba, da shi zai kwafa. Wanda ya sayi orijina ne zai zauna shekara da shekaru yana kallon rubutu yana gilmawa ta fuskar jaruma a daidai wurin da labari ya yi zafi. Shi ne zai jure dogon talla kafin fim ya fara. Shi ne za a raba wa labari ɗaya gida huɗu, ya sayi na ɗaya da na biyu, na uku da na huɗu su maƙale a hanya. Wani lokaci ma sautin orijinan bai fi na kofin ba. Tambari mai ƙyalli kuwa ba ya amfanar mai saye in ba a taɓa nuna masa yadda na gaskiya yake ba, kuma masu jabu ba sa daɗewa kafin su buga nasu.

Ba bakinsu ɗaya ba ne a kan komai. Akwai waɗanda suka tsaya kai da fata cewa kofi cin haƙƙi ne, gumin wani ne, kuma Musulmi ba ya cin gumin ɗan'uwansa ko da nisan ƙasa ya raba su. Irin waɗannan sukan ba matafiyi sautu su jira wata guda. Akwai kuma masu cewa, ina orijinan yake da za mu saya? Wane kamfani ne ya taɓa ajiye wakili a Aboabo? A ganina duka biyun gaskiya suka faɗa, kuma gaskiyar ta biyu ba ta soke ta farko. Satar fasaha ta karya furodusoshi da yawa, ta sa mutanen kirki sun bar sana'ar da bashi a wuya. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masana'antar da ke da masoya tun daga Agadas har Kumasi ta bar su a hannun sa'a da jakar fatake. Ta kashe ƙarfinta wajen tsoratar da mai kwafi fiye da wajen kai kaya ga mai son saye.

Daga baya sai ga abin da ya shafe gardamar baki ɗaya. Wayar hannu ta zo da memori, 'yan dawunlodin suka kafa tebur da kwamfuta suna tura fim da kuɗi kaɗan, ba kwali ba faifai. Matsalar wutar lantarki da 'yan Ghana ke kira dumsor, wadda ta yi tsanani a 2014 da 2015, ta sa na'urar DVD ta zama kayan ado, waya kuwa ana caja ta a kalla a duhu. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa. Tashoshin Ghana suka kawo wasannin Indiya da aka juya zuwa Twi, irin Kumkum Bhagya, har 'yan Kumawood suka koka. Zuwa 2020, da Izzar So ya ɓulla a YouTube, ɗan Asawase yana kallon sabon fitowa a daren da ɗan Fagge ke kallonsa. A karon farko nisa ya daina zama uzuri, kuma mai fim yana samun wani abu daga kallon da aka yi masa a Kumasi. Shagunan faifai da yawa sun koma sayar da caja da murfin waya da katin kira.

Sai dai akwai abin da intanet ba ta ɗauko ba. Fina-finan shekarun 1990 da farkon 2000 da yawa ba su hau ko'ina ba, waɗanda suka hau kuma sau da yawa guntaye ne, hoto ya dushe, an yanke sunayen ma'aikata. Kamfanoni sun rufe, uwayen kaset sun lalace da zafi da ƙura. Ahmad S. Nuhu ya rasu a 2007, Hauwa Ali Dodo a 2010, Rabilu Musa Ibro a 2014, kuma wani ɓangare na aikinsu yana raye ne kawai a kabad ɗin mutanen da suka ƙi sayen kofi. Kwalin da suka adana yana ɗauke da sunan darakta da mawaƙi da kamfani, bayanan da mai tura fim a waya ba ya turawa.

Saboda haka lokaci ya yi da masu fim na Kano, da ƙungiyarsu ta MOPPAN, da jami'o'in da ke nazarin Hausa irin Bayero, za su waiwayi waɗannan mutane a Kumasi da Accra da Yamai da Maraɗi. A nemi izinin masu haƙƙi, a aro abin da ke hannun masu ajiya, a juye shi da kyau, a fitar da shi ta hanyar da magada za su amfana, a kuma ambaci sunan wanda ya adana. Faifai ba ya jiran kowa, kowace shekara wasu suna mutuwa a cikin kwalinsu. Mutumin da ya jira wata guda don ya sayi halas ya riga ya sauke nasa nauyin tun tuni. Saura masu fim su sauke nasu.