Motoci masu fetur da batir: Shin maganaɗisun cikinsu na cutar da lafiya?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, masu neman mota a Abuja da sauran birane sun fara kallon motocin nan masu aiki da fetur da batir a lokaci guda, waɗanda ake kira haibrid, da idon sha'awa. Ƙarancin shan mai ne ya ja hankalinsu. Sai dai tare da motocin, wata tsohuwar fargaba ta biyo baya daga Turai da Amurka: cewa wayoyin lantarkin da ke ƙarƙashin kujeru na fitar da ƙarfin maganaɗisu da ke sa wasu ciwon kai, jiri, kasala da rashin barci.

Fargabar ta girmi shigowar motocin Najeriya da yawa. Kamfanin Toyota ya fara sayar da Prius a Japan a 1997, kuma a 2008 jaridar New York Times ta buga rahoto kan direbobin da ke ƙorafin cewa motocinsu na haibrid na sa su rashin lafiya.

Daga ina maganaɗisun yake?

Duk wayar da lantarki ke gudu a cikinta tana haifar da ƙarfin maganaɗisu a kewayenta, kuma gwargwadon yawan wutar, gwargwadon ƙarfinsa. A motar fetur, batirin bai wuce bolt 12 ba. A Prius ta ƙarni na biyu da na uku kuwa, babban batirin ya kai kimanin bolt 200, yana bayan kujerar baya, kuma manyan wayoyi masu ruwan lemo ne ke ɗauko wutarsa ta ƙarƙashin mota zuwa injin lantarki a gaba. Wutar na ƙaruwa idan direba ya taka totur da ƙarfi, ko ya taka birki injin ya koma cajin batir.

Wannan ne ya sa iyaye suka fi kowa damuwa, domin kujerar baya wurin zaman yara ce. Amma ƙarfin maganaɗisu na raguwa da sauri yayin da aka matsa daga wayar, don haka ya fi yawa a wurin ajiye ƙafa, ya yi ƙasa sosai a daidai kai da ƙirji. Motar fetur ma ba ta kuɓuta ba: na'urar cajin batir, fankar iyakwandishan, har da wayoyin ƙarfen da ke cikin taya idan suna juyawa, duk suna fitar da nasu.

Abin da awo ya nuna

Ana auna wannan ƙarfi da maikirotesla. Hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara iyakokin kariya daga irin wannan, ICNIRP, ta sa maikirotesla 200 a 2010 a matsayin iyaka ga jama'a, ga wuta irin ta gidajenmu.

A 2014 cibiyar bincike ta SINTEF da ke Norway ta fitar da sakamakon wani aiki da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa, inda aka auna motocin lantarki da na mai. A motocin lantarki, awon bai kai kashi 20 cikin 100 na iyakar ba a wurin ƙafa, a daidai kai kuwa bai kai kashi 2 ba. Motocin mai sun nuna kimanin kashi 10.

Masu fargabar kan kafa hujja da matakin hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a rahotonta na 2002 ta sa wannan nau'in maganaɗisu a rukunin 2B, wato abubuwan da “mai yiwuwa” su jawo kansa. Dalilin shi ne an ga ɗan ƙaruwar sankarar jini a yaran da ke zaune a gidajen da matsakaicin awonsu ya wuce maikirotesla 0.3 zuwa 0.4 dare da rana. Binciken na gidaje ne da zaman shekaru, kuma bai tabbatar da cewa maganaɗisun ne sanadi ba.

Masu cewa jikinsu na ji

Babbar muhawarar tana kan mutanen da ke cewa jikinsu ya fi na kowa jin lantarki. Ba mutanen banza ba ne. Gro Harlem Brundtland, tsohuwar firaministar Norway, ta faɗa a 2002, tana shugabar Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa wayar salula na sa ta ciwon kai. A Sweden ana ɗaukar wannan hali a matsayin nau'in nakasa da ta cancanci tallafi.

Masana sun gwada batun ta hanya mai sauƙi: a zaunar da mutum kusa da na'ura, wani lokaci a kunne, wani lokaci a kashe, ba tare da shi ko mai gwajin sun sani ba. A 2010 James Rubin da abokan aikinsa na King's College da ke Landan sun tattara irin waɗannan gwaje-gwaje 46 da suka shafi mutum 1,175, ba su kuma sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa masu ƙorafin na iya gane lokacin da na'urar ke kunne ba. Alamomin kan taso ne idan mutum ya yi imanin an kunna ta. A wani gwajin na 2013, an sa wa mutum 147 eriyar bogi da ba ta fitar da komai, amma fiye da rabinsu suka ce sun ji alamomi.

Matsayar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2005 ita ce ciwon gaskiya ne, yana iya hana mutum aiki, amma babu hujjar kimiyya da ta danganta shi da maganaɗisu. Don haka ta shawarci likitoci su nemi sanadin a jikin mai ciwon da muhallinsa, maimakon su yi masa kallon mai ƙarya.

Masu na'urar daidaita bugun zuciya su ne suka fi cancantar tambaya. Asibitin Mayo na Amurka ya gwada irin waɗannan marasa lafiya 30 a cikin Prius a 2013, kuma wata cibiyar zuciya a Munich ta Jamus ta gwada 108 a motocin lantarki a 2018. A duka biyun ba a ga na'urar ta rikice ba.

Inda haɗarin yake

Wanda ke jin jiri a haibrid yana da wasu abubuwan dubawa. Motar kan tashi shiru, kuma birkinta na ja daban, abin da ke rikita jikin fasinjan da ya saba da ƙarar inji ta yi masa gargaɗi. Robobi da gam na cikin mota kan fitar da wari idan rana ta dake su. Mafi muni, shirun motar kan sa a bar ta a kunne a gareji, injin fetur ya tashi da kansa ya cika wurin da hayaƙi mai guba.

Ga Najeriya, inda akasarin motocin 'yan Kwatano ne da suka daɗe a hanya, wayoyin nan masu ruwan lemo su ne abin tsoro na haƙiƙa. Bakaniken da ya taɓa su bai cire makullin kariya na batir ba, kuma ba safar hannu ta musamman, yana iya rasa ransa nan take.

Ga mai niyyar saye, shawarar masu hankali ita ce ya yi doguwar tafiyar gwaji tare da iyalinsa, ya nemi bakaniken da ya san aikin batirin, kuma idan ciwon kai ko jiri ya dage, ya je asibiti a auna hawan jini da sukari da ido. Sayar da mota ba zai warkar da cutar da ba ita ta kawo ta ba.