Yadda Ake Sa Wa Fartanya Da Gizago Ƙota

Manoma, ga rani ya yi tsaka, an gama kai auduga kasuwa. To, yanzu ne lokacin duba kayan aiki, kada a bari sai ruwan shuka ya sauka sa'an nan kowa ya ruga maƙera. A nan Dayi, har zuwa Malumfashi da Funtuwa, galibin ƙotocin da kan tsage a tsakiyar noman fari ba laifin maƙeri ba ne, ɗanyen itace ne da gaggawa.

Ka nemi marke ko aduwa. Gawo da rimi ba su da ƙarfin wannan aiki. Ka saro reshen tare da gindinsa, watau inda ya haɗu da uwar itacen, don nan ne naman itace ya murɗe, ba ya tsagewa da sauƙi, shi ne kuwa zai zama kan ƙota. Ka bar masa ɓawonsa, ka shafe bakin sara da laka, ka jingine shi a inuwa kamar wata 3. Rana takan busar da bayansa alhali cikinsa ɗanye, sai ya dare.

Wurin huda ne mutane suka fi yin ɓarna. Wani sai ya sa wutsiyar ƙarfen a wuta ta yi ja wur, ya danna ta har ta ɓullo. Ran nan kam za ta zauna daram. Amma abin da ke riƙe da ita gawayi ne, gawayi kuwa marmashewa yake yi. Bayan 'yan kwanaki sai ka ji fartanya tana girgiza, wata rana ruwanta ya fice ya sami ƙafarka, ko yaron da ke kunya ta gaba. Abin da ya fi shi ne a huda da wani ƙarfe wanda bai kai wutsiyar kauri ba, a kankare baƙin, a ɗuma wutsiyar kaɗan a gwada. In ya rage kamar rabin inci ta gama shiga, a bari ta huce, a ƙarasa da bugu.

Masu jiƙa ƙota a ruwa don ta kama, su sani gyaran yini guda ne. Itacen ya kumbura ya matse, in ya bushe ramin ya fi da faɗi. Gara a shafa mata man gyaɗa ko man kaɗanya.

Gizagon masassaƙi ma haka ake yi masa. Kurfi kuwa, irin na kafintocin da ke murza ƙafafun gado da inji, wutsiyarsa ta bakin ƙota take shiga a miƙe, saboda haka tilas a yi masa zobe. A yanko guntun bututun ƙarfe kamar inci 1, a fere bakin ƙotar, a buga zoben ya zauna tukuna, kana a sa kurfin.